Yadda karatun Mishan ya shiga ƙauyukan Maguzawa

Wanda ya ratsa ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina, daga ƙasar Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, zai iya cin karo da dattijon da bai taɓa zama a aji ba, amma yana karanta Hausar boko tiryan-tiryan. A majami'a ya koya.

Tun zamanin Gwamna Lugga, Turawan mulki sun hana 'yan Mishan sakewa a masarautun Musulmi. Sai suka bi ta inda aka bar musu ƙofa: asibitocin kutare irin na Babbar Ruga kusa da Katsina, da ƙauyukan da ba su musulunta ba. Kowace ɗarika kuwa da abin da take nufi in ta ce karatu.

'Yan Angalika na CMS, waɗanda Dakta Miller ya kawo birnin Zariya a 1905 kafin a koma Wusasa a 1929, makaranta sosai suka kafa, da Turanci da lissafi. Can Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu suka yi karatun farko. Amma Wusasa ta yi wa ɗan manomin Sabuwa nisa.

Wanda ya taka har ƙauye shi ne mai bishara na ƙungiyar Mishan ta SIM, wadda ta haifi ɗarikar ECWA a 1954. A wurinsu Kirista sai ya karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa, kuma fassarar Hausa ta fito tun 1932. Don haka makarantar mutum guda ce, wato mai bisharar. Da safe yana gona kamar kowa, da yamma ya tara yara da manya a gindin bishiya, daga baƙaƙe a kai ga haɗa kalma. Babu takardar shaida, babu aikin gwamnati a gaba. A ganina nan ne rauninta, domin ta koyar da karatu ba ta buɗe ƙofar ofis ba.

Katolika kuma katekis, wato mai koyar da addini, suka dogara da shi. Tambaya da amsa ake bita har a haddace kafin baftisma, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san makarantar allo ba. Malumfashi ce cibiyar horar da katekis ɗin.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun Mishan, karatun addini ya koma ranar Lahadi. Amma majami'un sun ci gaba, har a 2023 aka yanke dayosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko.