Ciyawar Ado Ko Tsiron Ƙasa: Zaɓin Da Ke Gaban Magidantan Jos

Duk baƙon da ya shiga Jos da damina, ya ga yadda harabar gidajen Rayfield da na tsohuwar unguwar Turawa suka yi kore shar, sai ya ɗauka ƙasar ba ta san fari ba. Amma in ya komo a watan Fabrairu zai tarar da labari ya sha bamban, domin ciyawar nan ta bushe ta yi ja, in ban da gidajen da ake ta kwarara mata ruwa safe da yamma.

Sanyin garin ne ke ruɗar mutane. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, tana kuma samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, to amma galibinsa tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sai hunturu da hazo da busasshiyar iska.

Shimfiɗa gajeriyar ciyawa a ƙofar gida al'adar Ingila ce, inda ake yayyafi kusan kowane wata. Turawan kuza da ma'aikatan mulki ne suka zo da ita tun farkon ƙarni na 20, da suka tafi kuma manyan ma'aikata da attajirai suka gaje ta, har ta zama alamar wayewa.

Ga lissafin abin da take ci. Da rani irin wannan ciyawa tana bukatar ruwa wajen milimita 25 kowane mako, milimita ɗaya kuwa a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Watau fili mai murabba'in mita 100 zai sha lita 2,500 a mako, daidai da jarka 125 mai cin lita 20. Kafin mako 20 na rani su ƙare ya lashe lita 50,000. Ban da wannan ga kuɗin taki, ga man injin yankan ciyawa, ga ladan gadina. Ana haka ne kuwa a garin da ya dogara ga madatsun ruwa irin na Lamingo da na Yakubu Gowon, inda unguwanni da dama ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa idan rijiyoyi suka ja baya.

Alhali kuwa maganin yana nan a bayan gari. Tun kafin zuwan Turawa, Birom da maƙwabtansu suna kewaye gidaje da gonaki da shingen ƙyarana, wadda reshenta kawai ake sarewa a kafa a ƙasa ya kama, ba ban ruwa, ba taki. Minjirya da gurjiya sukan fid da jan fure a tsakiyar rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Marga takan zubo da furenta rawaya gab da faɗuwar damina. Kabar-giwa tana ajiye ruwa a cikin ganyenta, ta rayu a tsagin dutse. Gamba da jema suna riƙe ƙasa a gangare, su hana zaizaya, a yanke su kuma a yi zana. Atili da ɗinya da ɗorawa suna ba da inuwa da abin kai wa baki. Dalili shi ne saiwoyin waɗannan tsirrai suna nutsawa can ƙasa, sun kuma saba da hutawa da rani su farfaɗo da ruwan farko, ita kuwa ciyawar ado saiwarta ba ta da zurfi, kwana kaɗan ba ruwa sai ta yi yaushi.

Wani amfanin ya shafi tsuntsaye da ƙudan zuma. A dajin Amurum da ke kusa da Laminga, gabas da Jos, aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001 tare da Jami'ar Jos, kuma an ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a wannan ɗan daji. Abincinsu 'ya'yan itatuwan ƙasar ne da furanninsu da ƙwarin da ke kansu. Filin da ake aske wa ciyawa kowane mako ba ya ba su kome.

Tsaunin Jos ya riga ya ɗanɗana halin baƙon tsiro. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an dasa itacen turare na Ostareliya a filayen da haƙar kuza ta lalata. Ya ba da itacen wuta da na gini, amma manoma sun daɗe suna kukan cewa shuka ba ta yin kyau a gindinsa. Ita ma lantana, wadda aka kawo daga nahiyar Amurka don ado, ta tsallake shinge ta bazu cikin daji tana danne tsiron ƙasa.

Ba Jos kaɗai ke da wannan matsala ba. A 2021 jihar Nevada ta Amurka ta kafa dokar cire ciyawar da ba a amfana da ita sai don kallo a yankin birnin Las Vegas, saboda ƙarancin ruwa.

Mai son sauyawa ba sai ya tone filinsa duka rana ɗaya ba. Yana iya barin ɗan wurin da yara ke wasa, ya dasa tsiron ƙasa a sauran cikin Mayu ko Yuni, ya rufe gindinsu da busasshen ganye. A ranin farko za su bukaci ɗan ruwa, daga nan sai su riƙe kansu. Amma a yi hattara da ƙyarana da tinya, domin farin ruwansu yana ƙona fata, yana kuma cutar da ido, don haka wurinsu bakin iyaka ne, nesa da yara. Kada kuma a je a tumɓuke tsirrai daga duwatsun Shere. Gara a tara iri, ko a nemi dashe da shawara wurin masana irin na Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, wadda aka kafa tun 1958.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan ma'aikatu da makarantu da otal-otal suka fara ba da misali a harabarsu, masu sayar da dashe a bakin titi za su bi, ruwan da ake zuba wa ciyawa kuma ya koma randunan jama'a.