Yadda 'Yan Mata Ke Koyon Shugabanci a Ƙaramar Sakandare

Jama'a, a wannan wata za mu yi bayani a kan 'ya'yanmu mata da ke ƙaramar sakandare, wato aji ɗaya zuwa aji uku. Yawancinsu 'yan shekara 12 zuwa 15 ne. A waɗannan shekaru ne yarinya take koyon tsayawa ta yi magana, ko kuma ta koyi yin shiru har girmanta.

In an ce shugabanci, kada wani ya zaci sarauta ko siyasa kaɗai ake nufi. Shugaba shi ne wanda za a ba amana ya riƙe. Ya tsara aiki, ya raba shi, ya saurari koke, kuma ya faɗi gaskiya a gaban manya cikin ladabi. Uwar adashe shugaba ce. Ungozomar da ke kula da ɗakin haihuwa ita ma shugaba ce.

Ku duba 'yarku da kyau. Tana kai talla kasuwa, ta yi ciniki da manya, ta ba da canji, ta dawo da lissafi daidai. Tana rainon ƙannenta in uwa ba ta nan. Amma wannan yarinyar, da ta shiga aji sai ta koma can baya ta sunkuyar da kai. Malam ya yi tambaya, ta san amsa, ba za ta ɗaga hannu ba. Wataƙila ta taɓa yin kuskure aka yi mata dariya. Wataƙila a gida ne aka ce mata mace ba ta magana a cikin taro. Mu kan ce kunya ce. Kunya ado ce, ba mu musa ba. Amma yarinyar da aka cuce ta, ta kasa faɗa wa kowa, tsoro ne ke damunta.

Ba baƙon abu ba ne

Wasu iyaye suna ganin wannan magana daga Turai ta zo. A'a. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa wani tsari na karantar da matan karkara. Ana kiransu 'Yan Taru. Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji. Nana da kanta take naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don kowa ya san an ba ta amana. Jaji ce ke jagorantar tafiya daga ƙauye zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma gida su koyar da sauran mata. A cikin ayarin akwai dattijai mata, akwai kuma ƙananan 'yan mata. Yarinya tana tafe tana kallon yadda jaji ke tsara tafiya, da raba guzuri, da sasanta masu rigima. Haka ake koyon shugabanci, da gani da kuma yi.

A makaranta

Kowane aji yana da monita, kowace makaranta tana da firifet. To amma yaya ake zaɓensu? Sau da yawa malam yakan ɗauki mai girman jiki ko mai kaushin murya, ya ba ta bulala, ta yi shekara uku a kan muƙami. Sauran 'yan aji ba su koyi komai ba sai tsoron bulala. Abin da ya fi shi ne a riƙa juya aikin. Wannan zango wata ta riƙe mabuɗin akwatin littattafai, wata ta buga ƙararrawa, wata ta kula da lambun makaranta. Zango na gaba a sauya. A sa su cikin muhawara da kacici-kacici. A ba yarinya ta karanta sanarwa a gaban ɗalibai da safe. Ranar farko muryarta za ta yi rawa. Kafin ta yi sau uku za ta daina.

Akwai wani abu da na sha gani a makarantun da maza da mata ke haɗe. Shara da ɗibar ruwa na mata ne, ƙararrawa da kiran layi na maza. Shara aiki ne mai kyau, amma mai tsintsiya ba ta koyon tsara komai. A ba ta jadawalin sharar ta rubuta, ta raba wa maza da mata, ranar Juma'a ta zo gaban malam ta faɗi wanda ya yi da wanda bai yi ba. Wannan bayanin da take dawowa da shi ya fi komai muhimmanci, domin a nan take koyon cewa duk mai riƙe da amana za a tambaye shi.

Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akwai wakilin masu sarauta, da malamin addini, da wakilan mata, da kuma ɗalibai biyu, namiji da mace. Sau da yawa sunan yarinyar yana takarda, amma ba a kiranta taro. Alhali ita ce ta san masai ba shi da ƙofa, shi ya sa 'yan mata ke zama gida in suna al'ada. Ita ce ta san lungun da samari ke tare su a hanya. Manya ba za su ji wannan ba sai an ba ta dama ta faɗa.

A gida

Ku da kuka koyi karatu a ajin manya kun san daɗin a ce maka kai ma ka iya. Ku ba 'yarku littafin adashe ta rubuta zubi. Ta rubuta buhunan da aka noma bana da kuɗin taki. In ana shawarar gida, uba ya ce mata, "Ke fa, me kika gani?" In ta yi kuskure a lissafi a gyara mata, kada a ƙwace littafin a ba wanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dokar ilimi ta 2004 ta ce karatun shekara tara, daga firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Duk da haka a wannan tsakani ne ake yawan cire 'yan mata, saboda talla ko aure. Sai kuma mu dawo muna kuka asibitin garinmu babu ma'aikaciya mace, makarantarmu babu malama. Ba a ɗaukar yarinya a makarantar ungozoma ko kwalejin malamai sai ta gama babbar sakandare.

Ranar taron iyaye da malamai mai zuwa, ku je. Ku tambayi shugaban makaranta wane aiki aka ba 'yarku ta riƙe a wannan zango, kuma wace yarinya ce ke zama a kwamitin makaranta.