Tsohuwar mota a Damagaram: a gyara ko a sake?

A ƙarshen shekarar 1924 ne ayarin motocin Citroën guda 8, masu sarƙa a madadin tayoyin baya, suka iso Damagaram bayan sun keto Sahara daga Aljeriya, suna bisa hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. Lokacin nan garin shi ne babban birnin Nijar, sai a 1926 aka mai da fadar mulki Yamai. Dattawan da suka fito kallo sun tashi ne a zamanin da arzikin unguwar Zango ke zuwa bisa doron raƙumi, kuma kowane madugu ya san abin da ake yi in raƙumi ya tsufa: ko a rage masa kaya a ci gaba da lallaɓa shi, ko a kai shi kasuwa tun yana da sauran daraja. Shekara ɗari ke nan, raƙumi ya bar wa mota babbar hanya, amma shawarar madugu ba ta bar gari ba. Duk wanda ya ratsa garejojin Damagaram zai tarar da magidanci zaune bisa benci, an buɗe injin motarsa an zube a tabarma, makaniki ya faɗi kuɗi, shi kuwa ya yi tagumi.

Abin ba na wasa ba ne. Mai a-kori-kura da ke ɗaukar ƴan kasuwa ranar Alhamis zuwa kasuwar Dole, ranar Lahadi zuwa Mirya, motar nan ita ce gonarsa. Ma'aikacin gwamnati da ya yi shekaru yana tara albashi kafin ya sayi tasa, in ya yi kuskure sau ɗaya, bashin banki zai bi shi har ya kusa barin aiki.

Yawancin tsofaffin motocin da suka yi suna a ƙasar Damagaram na gidan Peugeot ne. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, wadda ta ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Wannan shi ya sa motar ta zauna daram a nan: Kano na kimanin kilomita 240 daga Damagaram, in wani ƙarfe ya karye da safe, ana iya aika direba kasuwar Ƙofar Ruwa, kashegari mota ta tashi. Inji ne mai sauƙi, mai kafireto, wanda yaron gareji ke iya kwancewa ya mayar a gindin bedi. Amma tun da aka tsai da ƙera ta, kayanta na asali suna ta ƙaranci. Abin da ya cika kasuwa shi ne kwaikwayo, ko kuwa wanda aka ciro daga wata da ta riga ta mutu.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kwana ɗaya, duk abin da ake sayowa Turai ya ninka kuɗi, motar da ta fito daga masana'anta kuwa ta ƙara nisa da talaka da ƙaramin ma'aikaci. Sai kasuwa ta ƙara karkata ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake saukewa tashar jiragen ruwa ta Kwatano a koro su fiye da kilomita 1,500 ta Gaya da Doso. Saboda haka, in Badamagare ya ce zai sayi sabuwa, yawanci ƴar Kwatano yake nufi, wato sabuwa ce a unguwa kawai. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshinsu ya nuna yawancin waɗanda ake turowa nan shekarunsu 16 zuwa 20. Ashe zaɓin ba tsakanin tsohuwa da sabuwa yake ba. Tsakanin tsohuwar da mutum ya san ciwonta ne da tsohuwar da bai sani ba.

Hanyar ma ta sake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki. An buɗe ta Najeriya a watan Maris na 2024, amma kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari. Tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko ya hau, kuma duk wannan bisa kan mai saye yake sauka, kafin a zo ga kuɗin duwan da na asiransi da na takardu.

Abin da ya kamata a fara dubawa

Makanikai na ƙwarai ba su farawa da inji, ƙarƙashin mota suke shiga. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma shasi shi ne ƙashin baya. In ya tsage kusa da inda sifirin ko sitiyari ke kamawa, ko kuwa ya karkace bayan haɗari har mota na tafiya a gicciye tana cin taya gefe ɗaya, to walda ba ta mai da shi yadda yake. A nan ƙasar Damagaram tana da wata baiwa: iskarta busasshiya ce, ƙarfe ba ya saurin tsatsa. Motar da ta yi shekara 30 a nan takan fi wata ƴar shekara 15 da ta fito ƙasashen sanyi lafiyar ciki, don can gishiri ake zubawa bisa hanya lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin mota ta ƙasa alhali fenti na sheƙi a sama. Kallon kitse ake yi wa rogo. Abin da ke kashe motar nan gida dabam ne: gargadar hanyar jar ƙasa mai sassauta kusoshi, ƙurar hunturu mai shiga inji in matatar iska ta huje, da zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana busar da duk abin da yake na roba.

In shasi na da lafiya, sai a saurari inji, a dubi hayaƙin salansa. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sau da yawa gyaran kafireto ko sake matata ya isa, kuɗin ba su da yawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, wato ringi ko wasu kayan ciki sun cinye, aikin buɗe inji ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga baƙin mai ya koma kamar an dama shi da nono, wannan ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ko kuwa kan ne ya tsage.

Buɗe inji ba hukuncin kisa ba ne. In an sami kaya na gaskiya da makaniki mai awo, injin da aka gyara yana ƙara shekaru. Abin tsoro shi ne gyaran rabi da rabi: a sa ringi sabo cikin silinda da ta riga ta faɗaɗa, wata uku hayaƙi ya dawo, a ce ƙaddara ce. Akwai masu sayen injin hannu gaba ɗaya su ɗora. Hanya ce mai kyau in mai sayarwa ya yarda a tayar da shi a ji kafin a biya, in kuwa ya ƙi, ya faɗi abin da ya sani ke nan ba tare da ya buɗe baki ba.

Lissafin mai

Shekaru da yawa mutanen Damagaram ba su damu da yawan man da mota ke sha ba, don fetur ɗin Najeriya na nan cikin kwalabe wajen ƴan ruwa-ruwa, da araha. Ko bayan da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kimanin kilomita 50 bisa hanyar Tanut, kwalba ba ta bar bakin titi ba. A 29 ga Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, arahar nan ta ƙare. A Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. A Maris 2025 kuma aka yi ƙarancin mai, aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Tun daga nan, makogwaron mota ya shiga lissafi.

Ga misali, kowa kuwa sai ya sa nasa adadin. A ce tsohuwar tana shan lita 12 a kilomita 100, wadda ake son saye tana shan 7. Direban haya mai yin kilomita 2,000 a wata zai sayi lita 240 da tsohuwar, 140 da ɗayar. Bambancin lita 100 ne, bisa farashin 499 ya kama kusan jika 50 a wata, kusan jika 600 a shekara. Ma'aikacin da ba ya wuce gida da ofis da kai yara lakwal, mai yin kilomita 300 a wata, bambancinsa lita 15 ne, kimanin jika 7 da rabi, wato jika 90 a shekara. In sauyin zai ci miliyan 3, rarar mai za ta mayar wa direban da kuɗinsa cikin shekara 5, ma'aikacin kuwa sai ya jira fiye da shekara 30. Mota iri ɗaya, ciwo iri ɗaya, amma amsa biyu. Abin mamaki shi ne, sau da yawa ma'aikacin ne ke gaggawar sakewa saboda idon abokan aiki, direban da ya fi buƙata shi ke ta ɗaure ƙarfe da waya.

Awon ba shi da wuya. A cika tanki, a rubuta adadin da agogon kilomita ya nuna, a yi tafiya, a sake cikawa, a ga lita nawa ta shiga. In agogon ya mutu, duwatsun kilomita na bakin hanya sun isa shaida. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da makamin da ubangidansa na da bai samu ba: ƙaramin littafi cikin aljihun mota, a rubuta ranar gyara, abin da aka sake, kuɗinsa, da kwana nawa mota ta yi a gareji. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Ranar kasuwa ɗaya da a-kori-kura ta kwana gareji ba a biyan ta, fasinja kuma in sun kwana daji sau biyu saboda mota ɗaya, na uku wata za su hau. In littafin ya nuna cewa gyaran shekara da asarar kwanaki sun kai abin da za a biya na bashin wata motar, to tsohuwar ta fara cin mai ita.

Akwai kuma inda lissafin kuɗi ba ya da magana. Birki da sitiyari da taya da fitila ba a jinkirta su. Motar zagayen gari in ta mutu, turawa ake yi. Wadda ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta Gure zuwa Difa, in ta mutu da rana tsaka cikin bazara da mata da yara a ciki, ruwan sha ake fara ƙirgawa. Taya ma tana tsufa ko ba ta cinye ba. A gefenta akwai lamba huɗu bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2315, an yi ta a mako na 23 na 2015, kuma kyan zanenta ba ya hana ta fashewa bisa kwalta mai zafi.

Mai niyyar sakewa ya san cewa motocin da aka ƙera daga wajen 2000 zuwa yau kwamfuta ke raba musu mai da wuta. Suna da tsimi, amma ba su jure gurɓataccen mai, kuma in ta ƙi tashi a Dungas ko Belbeji, guduma da sifana ba su gano ciwon, sai an kawo na'ura daga gari. Agogon kilomita kuwa ana mai da shi baya, don haka a dubi yadda roban birki da kujerar direba suka cinye, su ba su iya ƙarya. A je da makanikin da mutum ya yarda da shi, ba na dillali ba. A gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardun duwan. A tambayi masu sayar da kaya a gari ko suna ajiye na irinta, wannan ne ya sa Toyota, da Hiace da Hilux da Corolla, ta gaji wurin Peugeot a tasha.

Maganar ta shafi masu riƙe da motocin hukuma. Ba baƙon abu ba ne a ga motar ɗaukar marasa lafiya bisa duwatsu a bayan likitar ƙauye saboda ƙarfe ɗaya, takarda ta tafi ba ta dawo ba. Kafin amsa ta zo, an ari batir, an ari taya, rana ta cinye roba. Motar da gyaran mako ɗaya zai tayar ta zama gawa cikin shekara. Shugaban ma'aikata da ya yanke shawara da wuri, ko a gyara ko a sa ta cikin jerin waɗanda za a yi gwanjonsu bisa ƙa'ida, ya fi wanda ya bar ta tana narkewa kiyaye dukiyar ƙasa.

Wanda ya yanke zai rabu da tasa, ya sayar tun tana tashi da kanta, don kuɗin mai tafiya dabam ne da na wadda aka jawo da igiya. Ya tabbata an sauya suna a takardar mallaka, kada mota ta yi ɓarna a hannun wani a zo neman sa. In kuwa ta wuce saye, akwai masu jiran ta. Masu kayan gyara za su ɗauki giya da ƙofofi da gilashi. Maƙera suna son sifirin, ƙarfensa na yin gatari da wuƙa masu riƙe kaifi. Masu zubin tukwane za su narkar da sanholon jikin inji, dukawa su yanka taya su yi takalma, roban ciki ya zama guga. Gindin baya da tayoyinsa biyu kuwa mai walda zai ɗora masa katako ya zama amalanke, a ɗaura wa sa, ya ci gaba da kai gero da rake kasuwar Matamai.