Zumunta A Ƙafa Take: Darasin Taron Mako-Mako Daga Kano Zuwa Awe

Garin Awe, hedkwatar ƙaramar hukumar Awe a Jihar Nasarawa, tsohon gari ne wanda ya yi suna da gishiri tun kafin zuwan Turawa. Da rani mata kan tace ruwan gishiri su dafa shi har ya daskare, a da kuwa fatake ne ke yin arewa da shi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Da damina kuma jama'a kan koma gonakin doya da shinkafa da riɗi. Manoman wannan yanki, kamar takwarorinsu na ko'ina a Arewa, sun san aikin gayya, watau mutum ya yi kira, a taru a nome masa gona, a ci tuwo, a watse.

Amma gayya aikin yini ɗaya ce. Rijiyar burtsatsen da ta lalace, ko ajin makarantar da iska ta yaye wa rufi, ko majinyacin da za a kai asibiti a Lafiya cikin dare, duka suna bukatar mutanen da za a iya samu kullum, da asusun da ba ya rasa ɗan abin taɓawa. Don haka ne ake kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Abin takaici, da yawansu kan fara da ɗoki, a zaɓi shugabanni, a tara kuɗi, sa'an nan a daina haɗuwa, ƙungiya ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba.

A birnin Kano akwai misalin da ya cancanci a duba. A can ne aka kafa kulob na farko na ƙungiyar Rotary a Nijeriya, cikin 1961. Ita wannan ƙungiya wani lauya ne mai suna Paul Harris ya kafa ta tare da abokansa uku a birnin Shikago na Amurka, ran 23 ga Fabrairu, 1905. Sunanta ma daga taro ya samo asali, domin da farko suna kewayawa ne, wannan karo a ofishin wannan, wani karo a ofishin wancan. Aikinsu na farko ga jama'a ba wani gagarumi ba ne: makewayi suka sa aka gina wa mutanen birni.

A al'adar wannan ƙungiya, taro yana da rana da sa'a tsayayyu. Shugaba yakan buga ƙararrawa a buɗe, a gabatar da baƙi, a ci abinci tare. Magatakarda ya rubuta sunayen waɗanda suka halarta, kwamitoci su faɗi inda aka kwana game da ayyukan da aka ɗora musu. Akwai kuma jami'in da'a wanda yakan ci makararru tara cikin raha, kuɗin kuwa su shiga asusu. Sau da yawa akan gayyato wani masani ya yi ɗan jawabi a kan sana'arsa. Idan lokaci ya cika sai a sake buga ƙararrawa, kowa ya koma bakin aikinsa.

Shekaru da dama dokar halarta tana da tsanani ƙwarai. Wanda ya yi fashin taro huɗu a jere ba da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa, matafiyi kuwa sai ya rama a kulob ɗin garin da ya sauka. Sai a 2016 aka sassauta, aka yarda kulob ya riƙa zama aƙalla sau biyu a wata. Mata kuma an buɗe musu ƙofar shiga a duk duniya cikin 1989.

Amfanin wannan naci ya bayyana a yaƙi da cutar shan-inna. Rotary ta ɗauki wannan aiki a 1985, kuma a 1988 an ƙiyasta cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 a kowace shekara cikin ƙasashe 125. A 2003, shekarar da aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano saboda shakkun da suka taso, wani lauya ɗan kulob ɗin Kano, marigayi Jonathan Majiyagbe, shi ne ya hau shugabancin Rotary ta duniya, ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin. An koma rigakafin a 2004, sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya suka sa hannu, har ran 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Shekara 35 ke nan ana abu ɗaya, kuma ƙungiyar da ba ta haɗuwa ba za ta iya wannan jimiri ba.

Gari kamar Awe ba ya bukatar otal ko ƙararrawar tagulla kafin ya ɗauki darasin. Zaure ko ajin firamare ya wadatar. Abubuwa huɗu ne ginshiƙi: rana tsayayya wadda ba a ɗagawa, littafin sunayen mahalarta, ma'ajin da zai karanta shiga da fitar kuɗi a gaban kowa, da aiki guda wanda aka ɗora wa mutum sananne, a kuma tambaye shi mako mai zuwa.

Har ila yau akwai wata riba. Ƙasar Awe mazauni ce ta Hausawa da Jukunawa da Alago da Tibi da Fulani, kuma ta ɗanɗana ɗacin rikicin manoma da makiyaya, musamman a 2018 lokacin da dubban mutane suka bar ƙauyukansu. Mutanen da suka saba zama a tabarma ɗaya kowane mako, suna lissafin kuɗin gyaran rijiya, su ne za su iya kiran juna da suna ranar da jita-jita ta taso. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙungiya ma haka.