Ko Ka Sani? Bayit ɗaya ke tsayar da manhaja cak

Ko ka san ana iya tsayar da manhaja tana tsaka da aiki, a leƙa cikinta, sannan a sake ta ta ci gaba kamar ba a taɓa ta ba? Aikin GDB ke nan, manhajar farautar kurakurai da Richard Stallman ya rubuta a 1986 domin aikin GNU, yana koyi da wata mai suna dbx. Kyauta ce, sai dai ba ta da maɓallan latsawa, baƙin allo ne da wurin rubuta umarni. Wannan ne ke sa mai koyon yaren C ya ja baya, ya koma cusa printf ko'ina yana lalube. A ganina asara ce babba, domin umarnin da yake buƙata ba su wuce goma ba.

Da farko ka harhaɗa shirinka da gcc -g lissafi.c -o lissafi. Wannan -g ɗin shi ke saka bayanin da zai nuna wa GDB wane umarnin inji ne ya fito daga wane layi na rubutunka. Sai ka buga gdb ./lissafi, ka rubuta break 12, sannan run. Shirin zai taho da gudu, ya tsaya gab da layi na 12, kamar motar da ta iso shingen bincike.

Yaya aka yi ya tsaya? Nan dabarar take. A kwamfutoci masu tsarin Linux da furosesa na Intel ko AMD, GDB na zuwa daidai wurin a cikin ma'ajiyar kwamfuta, ta ɗauke bayit na farko na umarnin ta adana, ta sa 0xCC a gurbinsa. Wannan bayit umarni ne da ake kira int3, kuma da zarar furosesa ya ci karo da shi sai ya miƙa ragama ga Linux, ita kuma ta dakatar da shirin ta sanar da GDB ta wata kafa mai suna ptrace. GDB ta mayar da bayit na asali, in ka ce continue kuma ta bar shirin ya yi taku ɗaya, ta sake dasa 0xCC a wurin saboda zagaye na gaba. Fayil ɗinka da ke ajiye kuwa ba ta taɓa shi ba.

Shirin yana tsaye, tambayarka kawai ake jira. In akwai ƙima mai suna jimla a shirinka, rubuta print jimla, za ka ga abin da ke cikinta a wannan lokacin. Umarnin next na kai ka layi na gaba, step kuma na shigar da kai har cikin aikin da layin ya kira. In ka danna Enter ba ka rubuta komai ba, ta maimaita umarnin ƙarshe.

Ranar da shirinka ya faɗi, allo ya ce Segmentation fault, kada ka tsaya zato. Kunna shi a cikin GDB, bar shi ya faɗi, ka rubuta bt. Za ta jero maka wane aiki ya kira wane, har layin da abin ya auku. Sau da yawa za ka duba manunin da ke layin ka tarar da 0x0, wato ba ya nuna ko'ina.

In kuma wata ƙima ce ke canzawa ba ka san mai canza ta ba, rubuta watch jimla. Furosesa da kansa zai yi gadinta, amma gurabe 4 kacal yake da su na wannan aiki, don haka a yi tattali. Tun fitowar GDB 7.0 a 2009 ma ana iya komawa da baya: ka ce record, shirin ya ɗan yi gaba, sannan reverse-next ya dawo da kai layin da ka wuce. Wannan record ɗin yana rage gudu sosai, shi ya sa ake kunna shi kusa da inda ake zargi.