Tsarin kula da shafin intanet a hannun wanda bai san rubuta manhaja ba: batun baƙaƙe masu lanƙwasa

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan dole a sa ran ma'aikatu da cibiyoyin yaƙi da jahilci za su ƙara buƙatar fitar da rubutun Hausa a intanet, alhali mafi yawan masu yin rubutun malamai ne da masu bincike, waɗanda ba su koyi rubuta manhaja ba. Abin da wannan ƙasida za ta duba shi ne iyakar abin da irin wannan ma'aikaci zai iya yi shi kaɗai, da wurin da hannunsa ba ya kaiwa.

2. Yadda tsarin yake aiki

A da, kowane shafi sai an rubuta shi da hannu cikin alamomin HTML. Tsarin kula da shafi ya raba aikin: rubutu yana ajiye cikin rumbun bayanai, kamannin shafin suna ajiye dabam, marubuci kuwa fili ne kawai ake buɗe masa inda zai sa take, ya zuba rubutu, ya danna maɓallin wallafawa. Wanda ya san yadda ake fitar da jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii zai gane rabon nan da sauri: akwai mai rubutu, akwai mai buga sitansil, akwai mai juya inji. Nan manhaja ce ta ɗauki aikin biyun ƙarshe.

Guda biyu sun ishe mu misali, kuma duka kyauta ake samun su. SPIP ya fito a Faransa a 2001, an tsara shi domin mujallun da mutane da yawa ke rubuta wa. WordPress kuwa Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi a 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi ake tafiyar da su. A SPIP marubuci yana hardace ƴan alamomi, misali kalmar da aka sa tsakanin baka biyu-biyu ita ke fitowa da kauri. WordPress, tun Disamba na 2018, yana gina shafi tubali-tubali: sakin layi tubali ne, hoto tubali ne.

Abin da ya fi amfani ga masu tsara yaƙi da jahilci shi ne rabon matsayi. A cikinsu duka ana iya ba mutum ikon rubutu ba tare da ikon wallafawa ba. Mai koyarwa a Madarunfa zai iya shigar da labarinsa, ya tsaya nan har wani a Maraɗi ya duba ƙa'idar rubutu ya sake shi. Har zuwa wannan mataki, a ganinmu, duk wanda ya iya aika saƙo da salula zai iya koyon aikin.

3. Inda Hausa take cin karo

Sai dai sauƙin nan da ma'aunin Ingilishi da Faransanci aka auna shi. Baƙaƙenmu huɗu, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda dokar ma'aikatar ilimi ta Oktoba 1999 ta tabbatar cikin ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, kowane yana da lambarsa cikin Unicode, babba da ƙarami. Rumbun bayanai yana ajiye su lafiya. Matsalar tana wajen shigar da su, da nuna su, da neman su.

Allon haruffa na AZERTY da ke kan kwamfutocin ofisoshinmu ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Marubucin da ba a kafa wa allon Hausa ba, ko dai ya riƙa kwafo harafin daga wani wuri, ko ya gaji ya watsar da lanƙwasar. Daga nan baƙi ya koma baki, ɗaka ta koma daka, faɗa ya koma fada. Abin mamaki, salula ta fi kwamfuta sauƙi a nan, tun da akwai allon Hausa cikin Gboard. Tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga kafin Unicode ya yaɗu, da haruffan da aka ɗora ɗ ko ƙ bisa gurbin wata alama, su kuma in aka zuba su cikin shafi alamar asali ce ke dawowa, sai an bi su an gyara.

Nunawa ma haka. Idan samfurin haruffan da aka zaɓa wa shafin bai ƙunshi ƙ ba, na'urar mai karatu za ta aro shi daga wani samfuri, ya fito tsakiyar kalma da wani tsayi da wani kauri. Gwanin karatu zai wuce bai damu ba. Dattijon da ya fara haɗa baƙi da wasali bana zai tsaya, don a wurinsa siffar harafi ita ce harafin. Akwai samfurori na kyauta da suka ƙunshi baƙaƙen duka, kamar Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman domin masu koyon karatu. Amma ɗora shi bisa shafi aikin mai kafa tsarin ne.

Batun nema ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi damun mu. A Unicode é na Faransanci ana iya warware shi zuwa e da ɗigon samansa, shi ya sa wanda ya nemi ecole yake samun école. Harafin ƙ ba ya warwaruwa haka, harafi ne mai zaman kansa. Ta fuskar ilimin harshe wannan daidai ne, domin /k/ da /ƙ/ sautuka ne mabambanta. Amma mai karatun da ya rubuta kasa, don allonsa ba shi da ƙ, ba zai ga ƙasidar da aka rubuta ƙasa a cikinta ba. Wanda ya bi ƙa'ida shi ne rubutunsa ke ɓacewa, wanda ya karya ta a same shi. Magani shi ne a sa akwatin nema ya daidaita k da ƙ lokacin nema kawai, rubutun da ke ajiye ya zauna yadda yake, kuma wannan sai mai rubuta manhaja.

Ga kuma ƴ, inda ƙa'idarmu ta bambanta da ta Nijeriya mai rubuta 'y. Na'ura ba ta san ƴan da 'yan kalma ɗaya ba ce, ga shi WordPress yakan ɗauki alamar da ke gaban 'yan a matsayin buɗe zance, ya juya ta. Shafin da ke son masu karatu daga Damagaram da Kano duka dole ya yi tanadin siffofin biyu.

Adireshin shafi abu ne ƙarami. WordPress daga take yake ƙera shi, kuma ƙ yakan zama %c6%99 idan aka kwafe adireshin aka aika. Wannan kam marubuci na iya gyara shi da kansa in an nuna masa gurbin sau ɗaya.

4. Gwaji kafin a karɓi aiki

Muna ba da shawara kada wata cibiya ta karɓi shafi daga hannun wanda ya kafa shi sai an yi gwaji a gabansa. A ɗauko mai koyarwa wanda bai taɓa ganin tsarin ba, a ba shi sakin layi ɗaya mai ɗauke da baƙaƙen huɗu, manya da ƙanana. Ya buga, ya wallafa, ya aika adireshin ga wani mai ƙaramar salula. Shi kuma wancan ya karanta, sa'an nan ya nemi labarin da kalmar da ba ta da lanƙwasa. Duk matakin da ya gagara, a rubuta shi cikin yarjejeniyar aiki, tare da sunan wanda zai riƙa sabunta manhajar da ajiye kwafin rumbun bayanai bayan mai kafawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi.