Sabuwar Makaranta, Sabon Hali? Darasin Littattafan Zane Na Japan Ga Ɗaliban Katsina

A ƙasar Japan akwai wasu littattafai da ake kira manga, watau labari ne da ake bayar da shi cikin zane, ana sa maganar mutane a gefen bakinsu. Daga cikin irin waɗanda samari da 'yan mata suka fi so akwai labarin soyayya mai ban dariya, wanda jigonsa shi ne yaro ko yarinyar da aka mayar saniyar ware a ƙaramar sakandare, sa'an nan da shiga babbar sakandare ya ƙudura niyyar zama wani mutum dabam.

Dalilin haka yana cikin tsarin karatunsu. Yaro yakan yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, sa'an nan ya ɗauki jarrabawa ya shiga babba, sau da yawa inda ba wanda ya san shi. Ana fara shekarar karatu a watan Afrilu, kuma ga wanda ya sha tsangwama, wannan wata kamar ranar sake haihuwa ne.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Ao Haru Ride na Io Sakisaka, wanda ya riƙa fitowa a mujallar Bessatsu Margaret daga shekarar 2011 har zuwa 2015, aka tara shi cikin juzu'i 13. Yarinyar labarin, Futaba, 'yan ajinsu mata sun ƙaurace mata saboda kyaunta da yadda samari ke kula ta. Da ta shiga babbar sakandare sai ta mayar da kanta marar kintsi, mai yawan ci, don kada a sake yi mata hassada. Ta sami ƙawaye kuwa, amma ranar da aka zarge ta da satar burodi a kantin makaranta, su ma sai suka ɗauka ta aikata. Wanda ya wanke ta shi ne Kou, saurayin da ta so tun suna ƙanana, kuma shi ya nuna mata cewa zumuncin nata na wasa ne. Daga nan ta koma ga wata yarinya da aka ware, suka ƙulla ƙawance na gaskiya.

Haka nan Kimi ni Todoke na Karuho Shiina, mai juzu'i 30, wanda aka kammala a 2017, labarin Sawako ne, yarinya mai kunya da 'yan makaranta ke gudunta don sun ce ta yi kama da fatalwar wani fim. Ita ba ta sake kama ba, jama'a ne suka sake idon da suke kallonta da shi.

Ko da yake ana dariya a labaran, abin da ya haife su ba na dariya ba ne. Bayan wani ɗalibi a birnin Otsu ya kashe kansa a 2011 saboda cin zalin 'yan ajinsu, majalisar Japan ta kafa dokar hana cin zali a makarantu a 2013.

To, birnin Katsina ya daɗe da sanin yaron da ya zo baƙo ya tashi wani mutum. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta tara yara daga lardunan Arewa, kowa ya bar sunan gidansu a bakin ƙofa. Ahmadu Bello ya zo daga Rabah, Abubakar Imam daga Kagara, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa daga ƙasar Bauchi, kuma ba ɗan gidan sarauta ba ne, amma ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan sarakuna, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Abin da ya ɗaukaka su ƙwazo ne da kyakkyawan hali, waɗanda makaranta ta ba su filin fitowa. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Barewa.

Har wa yau ɗalibin Katsina yana tsallake irin wannan mataki, domin tsarin shekara 3 a ƙaramar sakandare da 3 a babba ya fara aiki a Nijeriya tun 1982. Kowace shekara akwai yaron da ke shiga sabon aji da sunan tsokana a bayansa, yana fatan kada ya biyo shi. Wani don ya sami karɓuwa sai ya ari halin da ba nasa ba, ya shiga cikin 'yan iska, karatu ya lalace. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ya kamata malamai da shugabannin ɗalibai su sa ido a kan sababbin shiga tun makon farko, su hana laƙabin wulakanci, iyaye kuma su tambayi ɗansu ko da wa yake zama a aji. Yaron da aka karɓa yadda yake ba ya bukatar ɓoye kansa.